Gulma a Gaban Farfesa

Shekarar da jami'armu ta fara taimaka wa tsofaffin ɗalibai da kayan sana'a, Sani ne ya fara samun kwamfuta. Sani fa, wanda da amsoshina ya ci jarrabawa! Duk sanda na wuce shagonsa a babbar kasuwar Grand Marché, ko tuwo ba ya min daɗi.

Na zura babbar riga, na ja abokina Bala, muka je neman injin ƙanƙara. Farfesan da ke tantancewa ɗan kudu ne, Faransanci kawai yake yi mana. Yana duba takarduna na juya wajen Bala, na saki murya da Hausa: "Wannan mai sanƙon ne ya ba Sani? Wallahi ko akuya ta zo zai ba ta."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce da Hausa, "Akuya ai tana da kunya, malam. A Kano na yi digiri."

Ban samu injin ba, kuma Bala bai rufa min asiri ba. Har yau in na shiga layin Hausawa, sai wani ya leƙo daga rumfa ya ce, "Meee!"