Gwaggo Kubura Ta Dangwala Wa Hukuma Tatsuniyoyinta

"Ni dai, Atika, wanga shi ne zuwana na ƙarshe," in ji maƙwabciyata Fadimatu, tana murza ƙafa bisa benci. "Sau uku ke nan muna tasowa daga Kende tun da sanyin safiya, in bar shinkafa a shanya kaji na ta walima, mu zo mu zauna muna kallon ƙofa. Ƙofar ma ba wata mai kyau ba."

Na ce ta yi haƙuri, ƙofar hukuma ce, kuma yanzu da munka samu mulkin kai tamu ce, muna da ikon kallonta har la'asar ba mai kora mu. Ta harare ni, ta ɗauko goro ta ɓantara ba ta ko miƙo mini ba.

Jama'a, bari in gaya muku abin da ya kai mata biyu masu aikin yi zaman benci a Bagudo yau, don kada ku ce yawo muke so.

A gidanmu akwai tsohuwa, Gwaggo Kubura, ƙanwar mahaifin maigidana. Shekarunta Allah kaɗai ya san su. In an yi sallar isha'i, yaran gidaje uku ke taruwa gabanta, ta zuba musu tatsuniya su kuwa suna ɓarar gujjiya. Dokarta ɗaya ce: in hannu ya tsaya, bakinta ya tsaya. Da haka muke gama kwando biyu ba tsawa ba bulala, yaro ya koyi cewa kwaɗayi na kai mutum rami, ya yi addu'a ya kwanta. Ni ban san wata makaranta da ta fi wagga arha ba.

To bara, 'yan watanni bayan an sauke tutar Bature, sai ga mota ta nufo Kende, ta kafe a fadama, mazan gari sunka bar gona sunka turo ta. A ciki akwai Kwamitin Ceto Tatsuniya Daga Halaka. Shugabansu, wanda zan kira Mai Girma Uban Tatsuniya, Allah ya ƙara wa rawaninsa tsawo, ya hau kujera ya yi jawabi har inuwa ta juya. Ya ce tatsuniya na gargarar mutuwa, kuma ƙasa mai 'yanci ba ta barin gadonta ya mutu tana kallo. Munka dubi juna. Mu da muke kwana da ita muke tashi da ita, ba mu ma san ba ta da lafiya ba.

Tare da shi akwai magatakarda, mutumin nesa, mai alƙalami uku a aljihun gaba, da wani akwati mai faifai biyu masu juyawa kamar mazari, wai shina haɗiye murya. Anka ce a kawo wadda ta fi kowa iyawa, gari duka ya nuna gidanmu.

Rigimar farko a kan lokaci ce. Su suna aiki daga ƙarfe takwas zuwa biyu na rana, Gwaggo kuwa ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa jin an yi tatsuniya rana tsaka ba, an ce mai yi shina ɓacewa a kasuwa. Ni na san camfi ne, Allah ne mai tsarewa, amma dai ni ma ban taɓa gwadawa ba. Uban Tatsuniya ya ce mulkin kai ya soke irin wanga tunani. Gwaggo ta ce to, ita dama ta daina zuwa kasuwa, a kawo akwatin.

Kwana uku tana zubawa. Guda talatin ta ba su. Kowace ta ƙare, Mai Alƙalami Uku ya tambayi asalinta, don akwai gurbi a takardarsa da anka rubuta "ƙasa". Gwaggo ta ce wasu wajen uwarta ta ji su, nan gefen, wasu kuma wajen kakarta, can ƙetare wajen Dahomi, inda anka haifi kakar tun ba a kafa turken iyaka ba. Waɗanga na kaka su ne masu waƙa da Dandanci, harshen mutanen can. Nan fa fuskar magatakarda ta canza. Ya ce kwamitinsu na gadon ƙasarmu ne, ba a ba su izinin ceto kayan waje ba. Da anka zo kan ta kada da ɗiyar masunci, ya ajiye alƙalami ya ce:

"Inna, shi wannan kadan, a wane gefen iyaka yake zaune?"

"A cikin ruwa yake, ɗana," in ji Gwaggo.

Ya rubuta "ba a tabbatar ba", ya jefa ta cikin na waje. Haka anka ware bakwai anka ce ba namu ba ne, anka karɓi ashirin da uku.

Ranar tafiyarsu anka kawo takarda. Magatakarda ya karanta cewa Kubura ta miƙa wa ƙasa waɗannan tatsuniyoyi, sun zama dukiyar hukuma. Gwaggo ta tambaya ko kyauta ake nufi. Uban Tatsuniya ya dafa ƙirji ya ce kyauta ce har abada, jikokin jikoki za su gode mata. Anka shafa wa babban yatsanta shuni ta dangwala, gaban mai gari da liman. Anka yi tafi. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Da isha'i yara sunka taru da kwandunansu, ɗiyata Sabuwa ta ce a yi musu ta kura da tukunyar mai, wadda sunka fi so. Gwaggo ta ce ba ta da ita. Munka yi dariya, muna zaton wasa take. Ta ce abin da mutum ya bayar da hannunsa gaban shaidu ya fita daga hannunsa, kuma ita ba za ta gamu da Ubangijinta da kayan hukuma a bakinta ba.

Ba irin lallashin da ba mu yi ba. Maigidana ya ce takardar al'ada ce kawai ta ofis. Ta ce shi ya dangwala ko ita? Munka tafi wajen liman. Malam ya shafa gemu ya ce shi dai bai taɓa cin karo da babin kyautar tatsuniya a littattafansa ba, amma abin da ya fi kusa da tsira shi ne a nemi izinin mai abu. Da Gwaggo ta ji haka sai ta ƙara gyara zama.

Saura bakwai ɗin da anka ƙi, waɗannan kam ta ce nata ne, tunda hukuma da kanta ta ce ba ta so. Su take juyawa yau wata takwas. Yaran Kende yanzu sun haddace su kamar Fatiha, suna tafe rijiya suna rera waƙoƙin kakar Gwaggo na ƙetare. Rannan Sabuwa ta tambaye ni ko mu mutanen Dahomi ne. Ku taya ni yaba wa kwamiti, jama'a. Cikin kwana uku sun kwashe gadon ƙasarmu sun kulle, sun bar wa 'ya'yanmu na maƙwabta. Bature ya shekara sittin bai iya wanga aiki ba.

Gujjiya kuwa ta koma sai da tsawa, don yaron da ya san ƙarshen labari ba ya tsoron a tsaya.

Fadimatu, da yake 'yan'uwanta sun san hanyoyin daji da ba su bi ta gaban masu duba kaya, ta kawo dabara. Ta ce mu riƙa shigo da su ɗaya-ɗaya ta bayan fage. Ta zauna kusa da Gwaggo ta ce ai ita ta ji ta kura da tukunyar mai a bakin wata tsohuwa can ƙetare, ashe kuskure anka yi, ta waje ce. Gwaggo ta ce ta san inda ta samo abinta, ba za ta yi wa uwarta ƙarya ba. Fadimatu ta ce haba Gwaggo, ai tatsuniya dukanta ƙarya ce.

"Ƙarya ce, 'yar nan," in ji ta, "amma ba tawa ba ce yanzu."

Har nan dariya nake. Abin da ya tsayar mini da dariya ya faru bayan damina. Tari ya kama Gwaggo, ta rame. Wata safiya ina ba ta kunu ta riƙe mini hannu, ta tambaye ni a hankali, a cikin tatsuniyar 'yan mata bakwai da sunka tafi itace, mi ne ne sunan autar. Ta ce kwana biyu tana nema a ranta ba ta samu ba. Ni ban riƙe ba, don kullum ina wajen murhu ake yi. Matar da ba ta taɓa tuntuɓe a labari ba. Abin da ba a faɗa, ashe zubewa yake yi kamar hatsi a buhu mai huda. Ranar na ɗaura zane na ce sai na ga Uban Tatsuniya.

Zuwan farko masinjansu Maliki ya ce Mai Girma ya tafi birni taron raya tatsuniya. Zuwa na biyu ya ce ya dawo, amma shina hutawa daga gajiyar taron. Yau ya ce ya koma, don an kira wani taro a duba abin da anka tattauna a na farko. Da ya ga ba mu da niyyar tashi, ga Fadimatu ta fara shimfiɗa mayafi za ta yi azahar a bakin ƙofa, sai ya shiga ya fito mana da Mai Alƙalami Uku. Yanzu huɗu ne, an yi masa ƙarin girma.

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi buƙata. Ya ce kada in damu, tatsuniyoyin suna cikin aminci. Na leƙa ta bayansa na ga amincin: akwatin na ƙuryar ɗaki an ɗora masa butar shayi, faya-fayen na rataye a ƙusa kamar kifin da anka shanya, rana na dukansu ta taga. Na ce ko za a kunna mu ji sunan auta kawai, mu tafi. Ya ce batir ya mutu tun bara, an rubuta a aiko.

Na ce to a ba Gwaggo aro. Ya ce akwai tsarin aro, amma sai wanda anka riga anka rubuta a takarda da Hausa mai tsabta. Na ce nawa anka rubuta? Ya ce ko ɗaya, don shi ba ya gane Hausarmu, kowace jimla "munka" da "sunka", an nemi a ba shi tafinta ana jiran amsa. Na ce ranka ya daɗe, abu mai sauƙi, ga Gwaggo na da rai, a turo mutum ta sake faɗa masa sannu a hankali ya rubuta. Ya buɗe takardar dangwale ya nuna mini shunin, ya ce ba ta da ikon faɗa, dukiyar hukuma ce.

A nan kam shi da Gwaggo bakinsu ya zo ɗaya. Fadimatu ta ce da za a ɗaura musu aure da an zauna lafiya. Bai yi dariya ba. Ya dubi agogon hannunsa, ya ce biyu ta yi.

Shi ya sa na biyo ta jarida, don an ce manya ba su karanta wasiƙa amma suna duba jarida su ga ko an buga hotonsu. Mai Girma Uban Tatsuniya, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka tarurruka masu albarka. Ba mu ce a mayar mana ba, mun san kyautar har abada ce. Ka riƙe akwatinka, ka riƙe faya-fayenka, butar shayin ma ta zauna inda take. Layi ɗaya muke roƙo, a rubuta "An ara wa Kubura ta Kende tatsuniyoyinta", a buga hatimi. Ba ta karatu, amma ta san hatimi in ta gan shi. Jiya ta ce mini itacen da 'yan matan sunka hau ma ya fara shige mata duhu, ko kanya ce ko tsamiya.

In kuma hatimin shi ma ya tafi taro, shuni bai ƙare a Bagudo ba, kuma na lura Allah ya hore maka babban yatsa mai faɗi. Za a samu kafin Juma'a, ranka ya daɗe?