Alhaji Nimero da Ranar Haihuwar Dakoro

In ana lissafa masu hangen nesa a Dakoro, wanda bai fara da Alhaji Na'Allah ba ya ci amanar garin. Sayar da hatsi ya gada, amma Allah ya yi masa kan da ya fi ƙarfin tiya. Kwana huɗu kacal ya yi a Yamai, ya dawo da ilimin da wasu ke shekara bakwai suna nema. A can ya shiga wani katafaren kanti sayen man goge baki, mai karɓar kuɗi ta tambaye shi lambar wayarsa. Tun ranar bai sake zama daidai ba.

Da ya dawo ya shafe butik ɗinsa da fenti, ya girka ordinater, wato kwamfuta, bisa tebur, ya tara maƙwabta.

"Ku saurara," in ji shi. "Kasuwancin zamani ba kaya ba ne, bayani ne. In na san sunanka da nimeron wayarka da abin da gidanka ke ci, na san mi za ka saya tun kahin kai ka sani. Haka manya ke yi. Mu muna nan muna awon gero."

Kafin la'asar gari ya raɗa masa Alhaji Nimero. Ya ɗauka sarauta ce.

Wanda ya fara ɗanɗana zamani shi ne Arzika, wani makiyayi daga Korahane, da ya shigo sayen shayi. Alhaji ya gyara tabarau. Suna? Gari? Mata nawa? Bisashe nawa? Arzika ya dubi na'urar, ya dubi ƙofa.

"Ashe nan aka maido jangali?" ya ce, ya tsallaka zuwa teburin Sallau, maƙwabcin Alhaji, inda ba a tambayar mutum komai sai lafiyar gida.

Cikin wata guda ƙudaje suka fi masu saye yawa. Alhaji ya ce jahilci ne, kuma ya san maganinsa. Ya sa aka yi shela: duk wanda ya ba da bayanansa, ranar haihuwarsa yana da kado, wato kyautar kwalin sukari da ƙunshin shayi.

"Shekara doguwa ce," ya gaya wa Sallau cikin tausayi. "Mutum biyu yau, ukku gobe. Kai ba za ka gane ba."

Banza ta faɗi, butik ta cika. Inna Lami mai ƙosai, da aka tambaye ta ranar haihuwa, ta ce shekarar da fara ta cinye gero, gab da girbi. Alhaji ya yi murmushin masana, ya karɓi katinta na ɗan ƙasa ya kwafe. Haka ya yi wa kowa, da yatsa ɗaya, yana buga harafi yana duban jama'a ko sun gani. Idon babban mutum ba ya tsayawa kan ƙananan abubuwa.

Da hantsin ranar ƙarshe ta Disamba na'ura ta yi masa albishir: gobe mutum ɗari shida da sha huɗu ke bikin haihuwa. Mutanen karkara ba su rubuta rana, don haka duk wanda aka san shekararsa kawai, katinsa ɗaya ga Janairu yake nunawa. Sukarin da ke butik bai kai na kwata ɗinsu ba.

Da wani ne, da ya rikice. Alhaji kuwa ya kira Sallau ya zo ya ga amfanin bayani. Ya rubuta saƙo cewa an ɗage kado sai yadda hali ya yi, ya aika wa kowa da dannawa ɗaya.

Wayar da ke aljihunsa ta yi ƙara. Ta sake. Ta ci gaba da kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta, har ta yi zafi ta mutu. Sallau ya fita ya ɗaga kai ya karanta lambar da ke rubuce ɓaro-ɓaro bisa allon butik. Ita ce galibin mutane suka riƙa karanto wa Alhaji, shi kuma yana bugawa. Bai haddace ta ba, don babban mutum ba ya kiran kansa.

Washegari amalanke suka yi layi tun daga Adjekoria da Roumbou. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Aka raba sukari, ya ƙare, aka koma kan taliya, aka gangaro sabulu. Alhaji na tsaye cikin babbar riga, gumi na bin wuyansa. Da layi ya kawo kan Inna Lami, ya kasa daurewa.

"Inna, don Allah mi ya sa kuka yi mini haka?"

Ta miƙa ƙwaryarta, ta jira har aka zuba.

"Yo Alhaji, nimero ka ce a ba ka. Muka duba, duk Dakoro kai kaɗai ke son a san naka."