Rasuwar Manaja, Kazar da Ta Rayu da Kyarkyara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda takaici ya ɗan fi yawa a cikinsa, ni maigidan nan, bakanike kuma uban yara, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aiki na gareji rasuwar tsohuwar kazata, wadda yara suka laƙaba wa suna Manaja. Ta cika da safiyar Talata a bayan durom ɗin ruwa, bayan gajeriyar jinya da doguwar rayuwar da ba ta cancanta ba.

Marigayiyar ta shigo gidanmu tana sagara, ja, mai sheƙi, zankonta kamar barkono. Ba zan ci haƙƙinta ba don ta kwanta dama: a ƙuruciyarta ta yi ƙwai, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe, har ta taɓa tare shirwa a tsakar gida ta ƙwaci ɗan tsako. Wannan bajinta guda ita ta ci gaba da ci har ƙarshen rayuwarta, kamar tsohon ɗan ƙwallon da ya taɓa zura ɗaya a raga. Sunan Manaja kuwa daga tafiyarta ya samo asali. Takan zagaya akurki a hankali, wuya a miƙe, tana duba aikin da ba ita ta yi ba. Ita ke fara cin dusa, ita ke fara shan ruwa, in ta ƙoshi ta goge baki a ƙasa kamar ba a taɓa ba ta komai ba.

Tsufa ya zo mata yadda yake zuwa wa kowace kaza, kowa a gidan ya gani ban da ni. Zankon nan ya koɗe ya yamutse. Ƙafafu suka yi kaushi. Gashi in ya zube sai ya ɗauki watanni kafin ya yi shawarar dawowa. Ta daina hawa sandar kwana, sai ta kwanta a ƙasa tana harare-hararen masu hawa. Ido ɗaya ya yi yana. Har wata safiya ta gwada cara irin ta zakara, ta fitar da wata ƙara kamar ƙofar motar da ta sha ruwan sama. Uwar yara ta ce kaza in ta kai nan ta gama da ƙwai, abin da ya rage a ci moriyar romonta tun da sauran nama a jikinta. Ta wasa wuƙa ma.

Ni na tsaya tsakanin wuƙar da Manaja, kuma na tsaya da hujja. Akwai wani tsohon kwando a bayan durom, nan kajin gidan ke son yin ƙwai. Kullum na dawo cin abincin rana sai in tarar da Manaja tana fitowa daga kwandon nan tana kyarkyara: “Kwat-kwat-kwat-kwaaak!” In leƙa, ga ƙwai da ɗuminsa. Uwar yara ta ce ba nata ba ne, 'yan matan kajin ne ke yi, ita kuma ta kore su ta haye. Na tuna mata sana'ata. Mutumin da ke gane ciwon inji daga bakin titi, tun mota ba ta tsaya ba, shi za a koya wa sauraren kaza? Na ce inji mai aiki shi ke ƙara, wanda ya yi shiru ya mutu. Na faɗa a gaban yara, na faɗa a gaban yayan uwar yara da ya zo ziyara, na je gareji na maimaita, har na ce a zo a ga kazar da ta ƙi tsufa. Na kafa doka a gidana: kazar da ba a ji muryarta a kwando ba, ita ce ta tukunya.

Da wannan doka na yanke wa sagara biyu hukunci, ɗaya bayan ɗaya, lafiyayyu, masu kunya. Ƙwai ya ragu a gidan bayan kowace, na ce zafi ne. Saura ɗaya, wata 'yar baƙa da yara ke kira Bebiya don ba a taɓa jin bakinta ba. Ita ma na riga na sa mata rana: Asabar mai zuwa, in yayan uwar yara ya sake zuwa.

Ciwon ajalin Manaja ya fara ne da ƙin cin dusa, abin da ba ta taɓa yi ba ko a mafarki. Ta kumbura gashi, ta tsuguna gefe, numfashinta ya koma “kurr, kurr” kamar injin da mai ya ƙare masa. Uwar yara ta ce a yanka ta yanzu ko a yi asara biyu. Na ce hutu take, za ta tashi. Da gari ya waye ta yi abin da ya dace da halinta: ta mutu da kanta, ba ta jira wuƙa ba, ta hana mu ko cokali ɗaya na romo. Shekara da shekaru tana cin hatsina, ta tafi ba ta bar ko ƙashin tsotsa ba. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Ni ya hana ni, ga sakamakon.

Zan iya shanye wannan. Abin da ya gagare ni shi ne ranar Laraba. Na dawo da rana, gida shiru, ba kyarkyara, na zauna cin abinci ina tunanin irin rashin da na yi. Uwar yara ta zo ta ajiye dafaffen ƙwai ɗaya a gefen faranti, a hankali, kamar mai ajiye gilashi.

“Baban yara, marigayiyar ce ta aiko. Na tsince shi a kwandonta ɗazu.”

Ba ta yi dariya ba. Da ta yi da ya fi sauƙi. Na tashi na je bayan durom, ga Bebiya tana tsince-tsince a gindin kwandon, ko kallona ba ta yi ba. Alhamis ma an sami wani.

Marigayiyar ta rasu ta bar zakaran maƙwabci, wanda ya daɗe da daina gaishe ta; da Bebiya, wadda ta yi mata aiki ba ko na gode; da ƙadangarun da suka sha ruwan kasko albarkacinta, su kaɗai ne na ga alamar jimami a fuskarsu; da kuma ni, wanda yanzu in na ce ga injin da ke ƙara a gareji, sai abokan aiki su tambaye ni ko na leƙa kwandon.

Dangane da jana'iza, gawar tana cikin buhu a bayan gida tun Talata, don na yi ta jinkiri ina neman kalmomin yabo, ban samu ba, maƙwabta kuma sun fara magana. Za a binne ta yau da yamma a gindin katanga, rami mai zurfi, saboda karen maƙwabci, ko da yake ina shakkar haƙoransa za su iya da ita. Ni zan haƙa, uwar yara ta ce ba mai taya ni. Za a karɓi gaisuwa a gareji kawai, don a gida babu wanda fuskarsa ta dace da zaman makoki. An soke hukuncin Asabar. Yayan uwar yara zai ci ƙwai, daga wadda na so in ba shi namanta, kuma na san zai tambayi na wace ce. Ana roƙon masu halarta su zo shiru su tafi shiru. Kyarkyarar da aka yi a gidan nan ta isa, kuma ba duka daga kaza ta fito ba.