Jan Dakalin Yari

Daga kasuwar Illela har Gidan Katta ba a taɓa yin gwanin gini kamar Yari ba. Mai shakka ya tambayi Yari. Ai kwana tara cur ya yi yana ɗebo wa Turawa ruwa lokacin da suke kafa turakun siminti a kan iyakarsu da Faranshi. Da za su tashi suka bar masa guntun siminti da gwangwanin jan fenti, ya dawo gida har tafiyarsa ta sake.

Nan da nan ya gina dakali a ƙofar gida. Dattawan unguwa suka zo taya murna, ya tare su da sanda.

"Ku ja baya! Mi kuka sani? Wanga ba laka ba ne. Ni da Bature kaɗai muka san sirrinai."

Da ya buɗe gwangwani sai ya tarar fentin ya daskare. Matarsa Hindatu ta ce a tambayi wanda ya sani. Ina! Gwani ba ya tambaya. Ya juye man gyaɗarta kwalba guda, ya dama, ya shafe dakali. Kwana uku yana ƙyalli, Yari ya ce haka busasshen fentin Turai yake.

To, abin da yake hari shi ne sarautar Sarkin Magina, don haka ya gayyato Maccido, wakilin hakimi, ya zo ya gani. Ranar Yari ya sha farar riga, ya hau dakali ya harɗe yana wa jama'a jawabi. Can ya ji damshi a ƙarƙashinsa. Ya shafa, ya dubi hannu, jawabi ya tsaya.

Sai ga Maccido. Kowa ya zube yana gaisuwa, Yari na zaune daram, gumi na zuba.

"Yari, tun ba a naɗa ka ba ka fi ƙarfin tashi?"

"Ranka shi daɗe, ai haka Turawa..."

Bai ƙarasa ba. Ƙamshin mai ya gayyato cinnaku, cinnaka kuwa ba ta san na gida ba. Yari ya yi tsalle ya auka zaure yana susa, bayansa ja wur.

Maccido ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Sarautar dai wani aka ba. Amma Yari bai tashi a banza ba: kafin la'asar yara sun naɗa shi Jan Biri, kuma har ya tsufa ba wanda ya yi masa takara.