Yadda Za Ka Riƙe Gaba Damina Guda a Cikin Lumanawa

Idan ka bi matakan nan sau da ƙafa, na ba ka tabbaci za ka riƙe gaba da ɗan'uwanka tun daga ruwan shuka har girbi, ko da a tsakiyar Lumanawa kake zaune. Kada ka raina alkawarin nan. Lumanawa manoma ne da ba su taɓa yaƙi ba, ba su da sarki, ba su da kurkuku, ko karnukansu sai sun nemi izini suke haushi. Alƙalinsu wata tsohuwa ce mai ajiyar irin shuka, suna ce mata Uwar Iri, hukuncinta kuwa ɗaya ne tun kaka da kakanni: duk biyun da suka yi faɗa su yi musayar gona damina guda. Ka nome tasa, ya nome taka, in kaka ta yi kowa ya ɗauko abin da ya noma a ka ya kai wa mai gonar har ƙofar gida. Wato cikinka yana hannun abokin gabarka, nasa yana hannunka.

Wannan muguwar al'ada ce ta kashe musu zuciya. An ce a da can wani mayaƙi ya taɓa zuwa da rundunarsa, ya ce da su duka yake faɗa. Suka ce to, ba laifi, ina gonarsa take? Suka saɓa fartanyu suka tafi nome ta, suka bar shi tsaye da mashi a garin da ba kowa. Daga ƙarshe matarsa ce ta aiko ya dawo gida maza, ga baƙi sun cika gona ba wanda zai ba su ruwa.

A duk tarihinsu mutum ɗaya ne ya kusa kai gaba gaci, wani da ake wa laƙabi da Barkono. Da shi za ka yi koyi, ban da ƙarshensa.

1. Samo dalili, kome ƙanƙantarsa

Kada ka jira a ci maka iyakar gona, Lumanawa ba sa yi. Barkono a bakin rijiya ya samo nasa, ranar da ƙanensa ya dube shi a gaban mutane yana dariya ya ce, "Yaya, jiya na bi ta gonarka. Huɗar nan taka, maciji ne ya ja maka layi?"

Kowa ya yi dariya, har da matar Barkono, wadda ta fi kowa sanin huɗar a karkace take. Lura da wannan: maganar da ta fi daɗin riƙewa ita ce wadda take gaskiya. Barkono ya ajiye guga, ya murtuke fuska, ya rantse ba shi ba ƙanensa.

2. Karɓi hukunci da fara'a

Za a kai ku gaban Uwar Iri. Za ka tarar da ita cikin ɗakinta tsakanin tukwanen iri, tana tsince ƙwayar da ƙwaro ya huda, ko kallonku ba za ta yi ba.

"Wa ya fara?" ta ce.

"Ni ne, Kaka," in ji ƙanen. "Wasa nake. Yaya, ka yi haƙuri."

Nan ne ragwaye suke faɗuwa. Ban haƙuri tarko ne, tsallake shi. Barkono ya ce shi ba ya cikin wasa, tsohuwa ta ce to su yi musaya, ta ci gaba da tsintarta. Ya fito yana murmushi, domin ya hango abin da kakanninsa duka ba su hango ba: ba inda aka ce dole sai ka noma gonar da kyau.

3. Yi noman ganin ido

Fita da sassafe kowa ya gan ka da fartanya a kafaɗa. In ka isa, nemi inuwa. Barkono ya yi shuka a makare, ya zuba iri kamar mai rowa, takin da ƙanensa ya tara tun rani ya bar shi a tsibe har ciyawa ta yi masa hula. Layukan bakin hanya kawai yake sharewa, saboda masu wucewa.

Su kuwa masu wucewa ba makafi ba ne, manoma ne. Sukan tsaya su dubi hatsin da ya yi rawaya, su ce, "Sannu da aiki, Barkono," su wuce. Ba zagi, ba harara. Wannan sannun ta fi mari ciwo, amma ka daure. Mai haƙuri yakan dafa dutse, ko da dutsen na ƙanensa ne.

4. Kada ka bi ta gonarka

Wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, shi ne kuma Barkono ya fara yi wa sakaci. Wata rana da hantsi ƙafa ta ja shi, ya leƙa ta bayan shinge. Sai ga gonarsa ta yi baƙi ƙirin don kyau, layuka sun miƙe sar, ƙanen yana duƙe yana noma, matar ƙanen mai tsohon ciki tana biye tana cire ciyawa da hannu. Lungun da Barkono ya yi shekaru yana cewa ƙasar ta mutu, sun kwaso taki sun raya shi.

Gabansa ya faɗi. In haka ta same ka, gaya wa kanka neman suna suke yi. Barkono ya gaya wa kansa haka har gida, ya kuma kusa yarda.

5. Toshe kunnenka daga matarka

Mace tana ƙirga bakunan da za su ci, kai kuwa mutunci kake karewa, ba za ku taɓa fahimtar juna ba.

"Maigida," in ji matar Barkono tana tankaɗe, "na ga gonar da kake nomawa. Me yaran ƙanenka za su ci bana?"

"Su ci dariyar ubansu."

"To. Ga kuma na cikin matarsa yana tafe. Shi ma dariyar zai sha?"

Kada ka amsa. Tashi ka fita ka duba akuya. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, amma su ba su taɓa riƙe gabar kirki ba.

6. Tsaya da ƙafarka ranar kai dami

Yau ce ranar nasara. Tun da safe ƙanen ya fara jigila, dami bayan dami, har rumbun Barkono ya cika aka jingina saura a bango. Barkono bai taɓa ganin gonarsa ta ba da rabin wannan ba.

Sai nasa juyin. Abin da ya girbo gaba ɗaya bai isa a ɗora a ka ba, a hamata ya saƙale shi. Haka ya ratsa gari, mutane suna zaune a ƙofar gidajensu, kowa ya sunkuyar da kai kamar gawa ce take wucewa. Ya shirya amsar duk zagin da za a yi masa, yana ma addu'ar a yi.

Ƙanen ya fito, ya sa hannu biyu ya karɓi ɗan damin. Yaransa sun leƙo suna duba bayan Barkono ko saura na tafe.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya," ya ce. "Gonar nan tawa dama tana da gardama. Bana ƙasar ce ta ƙi."

Ka ga mugunta? Ko laifinka ba za su bar maka ka yi taƙama da shi ba.

7. Ci abincinka, kada ka yi tunani

Ka yi nasara. Rumbunka cike, nasa fayau, gaba tana nan da ranta. Abin da ya rage kawai ka zauna ka ci. Matar Barkono ta dafa sabon hatsi, ta ajiye masa kwano ta ce, "Bismillah. Ci da kyau, gumin ƙanenka ne."

Ya kai loma baki, ta ƙi wucewa. Ta katanga yana jin matar ƙanensa tana lallashin ƙaramin yaronsu cewa ya ci a hankali, na gobe ma a ciki yake. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. A nan ne, ina mai takaicin gaya maka, gwarzonmu ya watsa mana ƙasa a ido. Ya ture kwanon, ya buɗe rumbu, ya ɗora dami a ka, da rana tsaka, kowa yana gani. Ya kai, ya dawo, ya sake ɗauka, yana tangaɗi don nauyi, hawaye da gumi sun haɗu ba ka iya rabewa.

A sawu na ƙarshe ya dire damin ya ce, "Ba ƙasar ba ce. Ni ne."

"Na sani," in ji ƙanen. Ya dubi sawun ƙafar yayansa a ƙasa tun daga wancan gida har wannan. "Yaya, ashe har tafiyar taka ma a karkace take."

Barkono ya buɗe baki zai yi fushi, dariya ta riga shi fitowa. Aikin damina guda ya tafi a banza.

Hattara

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In ka bi matakan nan ka wayi gari da dami a ka, ko loma ta tsaya maka a wuya, ko ka tsinci kanka kana son ɗan'uwanka fiye da da, wannan tsakaninka ne da zuciyarka. Wanda kuma ya ga na ɓata masa damina har yana son mu yi faɗa, bismillah, mu je gaban Uwar Iri. Gonata tana nan duk ciyawa, dama mai nome ta nake nema.