Rasuwar Hajiya Jenowa, Babban Ƙyallen Jirginmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar da har yau ba ta ɗaguwa, ni Amadou ɗan Gaya, mai tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke Wendover, nake sanar da 'yan uwa mazauna Greensboro rasuwar Hajiya Jenowa. Ga wanda bai san ta ba, ita ce babban ƙyallen gaba na ɗan jirgin ruwana mai tafiya da iska. Ta cika ranar Asabar da hantsi a tsakiyar tafkin Townsend, ana cikin tsere, a gaban jirage goma sha ɗaya.

Marigayiya mai cika ido ce. Ranar da iska ta lafa, sauran jirage suka yi cirko-cirko, ita ce ke kumbura ta ja mu a hankali tana 'yar muryarta, "faf, faf". Aibinta ɗaya ne, son hidima. Duk juyin da jirgi zai yi sai an saki igiyarta ta wannan gefe an jawo ta wancan, aikin ƙarti huɗu. Mu kuwa biyu ne, ni a sandar tuƙi, abokina Tahirou a igiya. Shekara uku yana ja har tafin hannunsa ya yi kanta, bai taɓa ƙin zuwa ba.

Ciwon ya fara ne bara, 'yar yagewa tsawon yatsa. Aka ce in kai ta wurin masu gyaran irinta. Na ga ƙasƙanci ne a manna wa Hajiya faci kamar tayar keke, sai na kai ta wurin Malam Boukari, telan da ke mana manyan riguna a High Point Road. Shi kuma da ya ga fili fari fat haka, hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya ɗinke yagewar, ya bi ta da aikin wuyan riga, zare ruwan gwal, tun daga sama har ƙasa. Sau dubu nawa allura ta huda ta, ban tambaya ba. Na dai san har hoto aka yi ta ɗaukarta a bakin tafki.

Ranar ajali iska ta tashi da fushi, kowa ya ɗaura ƙaramin ƙyalle. Tahirou ya fito da namu ƙaramin, wanda ake kira jib, ya ce, "Amadou, don Allah yau a bar Hajiya ta huta. Mu biyu ne fa, wallahi c'est trop, ta fi ƙarfinmu." Na ce ni ban taɓa zuwa taro da 'yar shara ba alhali ina da babbar riga. Na ƙara da wata magana a kan tsoro, wadda ba zan maimaita a takardar makoki ba.

Mun yi minti shida muna gaba, a rubuta wannan a ajiye. A juyin farko Hajiya ta ƙi juyuwa, jirgi ya kwanta, igiya ta fizgi Tahirou ya faɗa ruwan Afrilu mai sanyin tsiya. Sannan na ji kalmarta ta ƙarshe, "ƙyaaat", ta rabe biyu daidai kan aikin Malam Boukari. Malachy, mutumin da na yi shekara uku ina rantsuwar sai na wuce jirginsa, shi ya tsamo Tahirou. A motar Malachy ɗin ma Tahirou ya koma gida.

Ta rasu ta bar ƙanenta jib, sabo fil a cikin jaka, da igiyoyi biyu, da telan da ya ce shi aikinsa bai warware ba, ƙyallen ne ya gaza. Ta kuma bar Tahirou, wanda yau kwana tara bai ɗaga wayata ba. Wannan ya fi rasuwar yi mini ciwo, na faɗa. Jirgin ba ya tuƙuwa da mutum ɗaya, kuma duk garin nan babu wanda zan zauna da shi a kan ruwa mu yi shiru in ji kamar ina Gaya sai shi.

An riga an yi wa marigayiya wanka an shanya. Ba za a binne ta ba, maƙwabciyarmu Hajiya Kaltouma ta karɓe ta za ta yi rumfar suna. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar ƙarfe tara na safe a bakin tafki, wato rabin awa kafin a busa usur ɗin tsere. Ba a buƙatar taro, mutum ɗaya ake jira. Zai tarar da jib a ɗaure ko da iska ba ta kaɗa ganye ba. Kada ya wahalar da kansa neman safar hannu, sandar tuƙi tasa ce, ni zan ja igiya.