Katin Da Ya Kashe Alhazai

Ba zan taɓa mantawa da katin bikin ƙanwata Hauwa ba, ko da na so in manta.

Lokacin ban daɗe da fara koyon aikin kwamfuta a wani shago a Malali ba, kaina ya kumbura. Na raina manhajar rubutun da kowa ke amfani da ita, na koma wata mai baƙin allo wadda sai ka rubuta mata umarni take motsi (don dai a ce na iya). Da aka zo maganar kati, ni na miƙe na ce a bar mini.

Mahaifinmu ya rasu watannin baya, don haka sai an sa "Marigayi" gaban sunansa. Maimakon in rubuta da hannu kamar mai hankali, sai na ba manhajar umarni: a layi na 10, mayar da "Alhaji" ya zama "Marigayi Alhaji". Ashe wurin sifiri harafin O na danna. Ita kuwa ba ta ce mini ba ta gane ba. Ta yi watsi da lambar layin, ta bi duk wani Alhaji da ke katin ta mayar da shi marigayi. Ban sake karantawa ba (gwani ai ba ya duba aikinsa), na tura wa mai bugawa.

Ni da kaina na kai wa Baffa Sani nasa a Unguwar Dosa. Ƙanen mahaifinmu ne, shi ne waliyyin amarya, kuma ciwon ƙoda ya daɗe yana cin sa. Duk gidan mun haɗa baki ba a zancen mutuwa a gabansa.

Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon katin. Sannan ya ce a hankali, "Ɗana, ashe har kun gama da ni?"

Na karɓa na duba. Uban ango marigayi, liman marigayi, Baffa marigayi. Na durƙusa. "Wallahi Baffa, na'ura ce..."

"Na'urar ita ta kawo mini?" Ya yi ɗan murmushi. "Gyara na sauran, kar dangin ango su ce mun yi musu baki. Nawa bar shi, ba ka yi ƙarya ba, sauri kawai ka yi."

Na fita waje na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

An sake buga katin. Baffa ya zo ɗaurin aure a kan kujera, ya ba da auren Hauwa da muryar da sai ka matso za ka ji. Bai kai azumin shekarar ba.

Abin da na koya shi ne, na'ura ba ta jin kunyar yin abin da ba ta gane ba, kamar ni a lokacin. Yanzu ko "ina kwana" zan tura, sai na karanta sau biyu. Takardar sadakar arba'in ɗin Baffa kuwa, da aka ce in rubuta, na ce a ba wani. Ni na riga na rubuta masa tawa tun a katin Hauwa.